LAFIYA UWAR JIKI: Kanwa da gishiri ba su narkar da ƙayar dunduniya

A wannan wata za mu yi magana bisa ciwon dunduniya, wadda wasu ke ce ma diddige. Ciwo ne wanda ba ya kisa. Amma yana hana mutum aiki. Kuma yana cinye kuɗi a banza in ba a gane shi ba.

Ku duba yadda muke aiki da dunduniya. Ran shuka, mai sungumi yana gaba yana sara. Mai iri yana baya yana zubawa, yana rufe rami da ƙafa. In an bar mitir 1 tsakanin rami da rami, hekta guda rami 10.000 ke nan. Makiyayi yana bin dabbobi daga rijiya zuwa daji, daga daji zuwa rijiya. Mace tana tsaye bakin turmi, ta tafi ɗiban ruwa, ta ɗauko icce bisa kai. In dunduniya ta ƙi taka ƙasa ran da ruwan shuka ya sauka, damina ba ta jiran kowa.

Shi ya sa mai wannan ciwo yake neman magani ido rufe. Wani ya ce mashi: "Ƙashi ne ya tsiro maka kamar ƙaya, sha kanwa ta narkar da shi." Wani ya ce: "Jiƙa ƙafa cikin ruwan gishirin Balma." Mai tallar ƙwayoyi a kasuwa ya ce: "Ga kalsiyom, ga manyeziyom, maganin ƙashi ne." Wasu ma cikin salula suke jin haka. To, mi ne ne gaskiya?

YAYA CIWON YAKE?

Yana da alamu waɗanda ba su da wuyar ganewa.

1. Zafin yana ƙarƙashin dunduniya, wajen gefen ciki. In ka danna wurin da babban yatsa, za ka ji shi.
2. Ya fi tsanani da safe, a taku na farko in ka sauko daga shimfiɗa. Kamar ka taka ƙusa.
3. In ka ɗan yi tafiya, sai ya lafa.
4. In ka zauna hira ko cin tuwo, ka miƙe, sai ya dawo.
5. Da marece, bayan dogon aiki, ƙafar ta yi ta zogi.

Ba miki, ba ruwa, ba zazzaɓi. In ka duba ƙafar, ba ka ganin komi. Ya fi kama mutane daga shekara 40 zuwa 60. Ya fi kama mai tsayuwa da yawa, da mai tafiya bisa ƙasa mai tauri, da mai ɗaukar kaya masu nauyi, da mai ƙiba. Takalmi wanda ya cinye har ya zama kamar takarda shi ma yana jawo shi.

MI KE CIKIN ƘAFA?

Ƙafa guda, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙashi 26. Mafi girma cikinsu shi ne ƙashin dunduniya.

Kun san bakan maharbi. Akwai icce mai lanƙwasa, akwai tsirkiya wadda ta ɗaure shi baki da baki. Haka tafin ƙafa yake. Ƙasusuwa su ne iccen baka. A ƙarƙashinsu akwai wata jijiya mai faɗi, mai ƙarfi. Ta taso daga ƙashin dunduniya, ta tafi har gindin yatsu. Ita ce tsirkiya. Duk taku guda, nauyin jiki yana danna baka, tsirkiya tana miƙewa.

In aiki ya yi mata yawa, sai ta fara ƴan tsage-tsage ƙanana, daidai inda ta kama ƙashin dunduniya. Kamar igiyar guga ce: inda ta ɗaure, nan take fara cinyewa. Wannan shi ne tushen zafin.

Da dare, in kana barci, ƙafa tana sake, jijiyar tana takurewa. Da safe ka taka, ta miƙe gaba ɗaya. Shi ya sa takun farko ya fi zafi.

TO, ƘAYAR FA?

Gaskiya ne, ga wasu mutane ɗan ƙashi yana tsirowa a ƙarƙashin dunduniya. Jiki ne yake gina shi sannu-sannu, cikin watanni ko shekaru, a wurin da ake yawan ja da dannawa. Ana ganin shi in an ɗauki hoton ƙashi a babban asibiti, kamar na Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai. Yana kama da kaifin ƙafar zakara.

Amma ku saurari abu 3.

Na farko: bakin wannan ɗan ƙashi yana kallon gaba ne, wajen yatsu. Yana kwance. Ba ya tsaye yana sukar nama kamar yadda ake zato.

Na biyu: likitocin ƙashi sun ƙirga. Kamar mutum 1 cikin 10 yana da wannan ƙaya. Cikin masu ita kuwa, kamar 1 cikin 20 kaɗai ke jin ciwo. Sauran suna noma, suna kiwo, ba su ma san tana nan ba. Kuma akwai masu ciwon dunduniya da yawa waɗanda hoto bai nuna masu ƙaya ko kaɗan ba.

Na uku: mutum yana warkewa sarai, zafi ya tafi, a sake ɗaukar hoto a ga ƙayar tana nan inda take.

Ashe ke nan jijiya ce ke ciwo. Ƙayar shaida ce kawai, cewa an daɗe ana wahalar da wurin. Wanda ya sa kuɗinsa wajen narkar da ƙaya ya bar jaki yana dukan taiki.

KANWA TANA NARKAR DA ƘASHI?

Mun san dalilin da ya sa ake faɗin haka. Mace ta jefa kanwa cikin tukunyar wake, wake ya nuna da wuri. Ta sa cikin nama mai tauri, ya yi laushi. Sai mutum ya ce: abin da ya tausasa wake, ai zai tausasa ƙashi.

Amma ciki ba tukunya ba ne. A tukunya, kanwa tana taɓa wake, ga wuta tana ci a ƙasa. Kanwar da ka sha kuwa ciki take zuwa. Daga nan ta shiga jini. Ƙoda ta tace ta, ta fita cikin fitsari. Ba ta da hanyar da za ta bi ta je ta zauna bisa dunduniya.

Kuma ku yi tunani. Ƙayar nan ƙashi ce, irin sauran ƙashin jiki. Da kanwa tana narkar da ita, da ta narkar da ƙashin baya, da na ƙirji, da haƙora. Yaya za ta zaɓi ɗan ƙashi guda cikin ƙafa, ta bar sauran?

Haka ruwan gishiri. Fatar dunduniya ita ce mafi kauri cikin jiki. Gishiri ba ya ratsa ta har ya kai ga ƙashi. In ka jiƙa ƙafa ka ji daɗi, ɗumin ruwa ne, da zaman da ka yi ka huta. Wannan ba laifi. Amma ruwan ɗumi tsura ma yana yin haka.

ƘWAYAR KALSIYOM DA TA MANYEZIYOM FA?

Kalsiyom shi ne abin da jiki yake gina ƙashi da haƙora da shi. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyom ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Manyeziyom kuma yana taimakon nama da jijiya su yi aiki. Dukkansu jiki yana bukatarsu. Likitoci suna kiran irin waɗannan abubuwa ma'adinai.

Amma ciwon dunduniya ba daga rashinsu yake zuwa ba. Daga wahala yake zuwa. Ba a taɓa tabbatar da cewa wata ƙwayar ma'adini tana cire ƙayar dunduniya ba.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen. Sun ji an ce ƙaya kalsiyom ce ta taru, sai su daina shan nono. Kada ku yi haka. Nono bai kawo ƙaya ba. Barin shi ba ya cire ta. Sai dai ya rage maka ƙarfi.

MAKIYAYI YA RIGA YA SANI

A nan, makiyaya su ne malamanmu. Ba wanda ya kai su sanin amfanin gishiri. Kowace shekara, wajen ƙarshen damina, garke yana hawa arewa zuwa Ingal da Tigidda, don dabbobi su sha ruwan gishiri, su ci ciyawar wurin. Ayarin raƙuma yana ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma, ya kawo kantu na dabbobi da beza na miya. Saniya wadda ta rasa ma'adini tana ramewa, nono ya ragu, ta riƙa lasar ƙasa, tana tauna tsohon ƙashi a daji. In ta samu abin da ta rasa, sai ta murmure.

To, in saniya tana ɗingishi fa? Makiyayi ba ya cewa a ƙaro mata kantu. Kayar da ita yake yi, ya ɗaga ƙafar, ya duba kofato. Ya cire abin da ya shiga. Ya bar ta kusa da gida ta huta, ba ya kora ta nesa.

Gishiri maganin rashin gishiri ne. Ɗingishi kuwa a ƙafa ake neman maganinsa. Abin da muke yi ma saniya, mu yi ma kanmu.

ABIN DA YA YI YAWA YANA CUTA

Wani zai ce: in bai yi magani ba, ai bai yi lahani ba. A'a, yana yi.

Kanwa da gishiri ƴan gida ɗaya ne. Duka suna riƙe ruwa cikin jiki, suna sa jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini. Ƙaramin cokalin shayi guda ke nan, har da wanda ke cikin miya. Mai jiƙa kanwa yana sha safe da marece ya ɗora kaya bisa kaya. Hawan jini, wanda muke ce ma tansiyo, ba ya sallama. Yana iya kawo shanyewar rabin jiki. Yana gajiyar da zuciya da ƙoda.

Tun cikin shekarun 1970, likitoci a Zariya, cikin Najeriya, sun lura da mata masu jego da yawa waɗanda zuciyarsu ta kasa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun ga yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi suna cikin abubuwan da ke ƙara ma zuciya nauyi. Al'adarmu ɗaya da su. Mace mai ciki ko mai jego, in dunduniya tana damun ki, kada ki ƙara kanwa bisa wadda kike sha.

Ƙwayar kalsiyom in ta yi yawa tana ɗaure ciki. Tana iya kawo tsakuwa cikin ƙoda. Ƙwayar manyeziyom tana sa zawo. Ga mai ciwon ƙoda kuwa tana da haɗari ƙwarai, don jikinsa ba ya iya fitar da ita.

Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da Tibiri ba. Daga shekarar 1985, garin ya yi shekaru yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan yana da wani ma'adini mai suna fuliyor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙora. Amma na wannan ruwa ya ninka abin da OMS ta yarda da shi, wato miligiram 1,5 cikin litir guda. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka ɓaci, ƙafafunsu suka lanƙwashe. Ba laifin iyayensu ba ne, ba su sani ba. Amma abin ya koya mana cewa ma'adini mai gyara ƙashi, shi ne mai ɓata ƙashi in ya wuce awo.

INA MA'ADINAI SUKE DA AMFANI?

Kada wani ya ce jarida ta hana shan ƙwaya. Akwai inda ma'adinai suke ceton rai.

Gishiri mai iyod yana hana maƙoƙo, yana taimakon ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Ku riƙa sayen shi don miya.

Ƙwayar ƙarin jini, wadda ake ba mata wajen awon ciki, tana da sinadarin ƙarfe. Mai ciki ta sha ta kullum yadda ungozoma ta ce.

Ƙwayar zenk, tare da ruwan gishiri da sukari, ita ce maganin zawon yara. Ana ba da ita kwana 10 zuwa 14.

Kun ga, kowace tana da aikinta, da awonta, da mai ba da ita. Ba a ɗauko maganin wani ciwo a kai ma wani.

Sauran abin da ƙashi yake so kuwa yana cikin ƙwaryarmu. Litir guda na madarar saniya yana da kalsiyom wanda ya ishi babban mutum yini guda. Akwai shi cikin nono da cuku, da zogala, da kuka, da ƙananan kifi busassu waɗanda ake ci da ƙayarsu. Manyeziyom yana cikin hatsi, da wake, da gujiya, da riɗi. Mai shan fura da nono, mai cin wake da ganye, ya riga ya samu rabonsa.

AMMA WANE YA SHA KANWA YA WARKE!

Za ku ji wannan magana, kuma mai faɗin ta ba ƙarya yake yi ba. Ya sha, ya warke. Sai dai mu tambaya: yaushe ya warke?

Wannan ciwo yana warkewa da kansa in an ba shi lokaci. Likitoci sun ga cewa kamar mutum 9 cikin 10 suna samun sauƙi cikin wata 10, da ƴan dabaru masu sauƙi, ba tare da an yanka su ba. Sau da yawa ciwon yana tashi lokacin noma. Mutum ya yi ta shan kanwa har kaka. An gama girbi, an kai damma rumbu, ƙafa ta huta, zafi ya tafi. Hutu ya yi aiki, kanwa ta karɓi godiya.

MAGANIN DA KE AIKI

Ga abin da ya kamata a yi. Ba ya cin kuɗi da yawa. Haƙuri yake ci.

1. Miƙe jijiya tun kana bisa shimfiɗa. Kafin ka taka ƙasa da safe, zauna. Ɗora ƙafa mai ciwo bisa gwiwar ɗaya ƙafar. Kama yatsu da hannu, ja su baya wajen ƙwauri, har ka ji tafin ƙafa ya miƙe. Ƙirga 1 zuwa 10, ka saki. Yi haka sau 10. Ka sake yi da azahar, ka sake yi da dare. In ka daɗe zaune, yi shi kafin ka miƙe.

2. Ja da rawani ko zane. Zauna bisa tabarma, miƙe ƙafa. Rataya rawani a gindin yatsu. Riƙe bakinsa biyu, ja wajen ƙirjinka, gwiwa a miƙe. Ƙirga har 30. Yi sau 3.

3. Tura bango. Tsaya gaban bango ko gindin icce, dafa shi da hannu biyu. Ƙafa mai ciwo a baya, a miƙe, dunduniya tana ƙasa. Ƙafa mai lafiya a gaba, gwiwa a lanƙwashe. Matsa gaba sannu har ka ji agara da naman bayan ƙwauri sun miƙe. Ƙirga har 30. Yi sau 3, safe da marece. In agara ta saki, tafin ƙafa yana samun sauƙi, don su biyu ƙashi guda suke ja.

4. Murza kwalba. Zauna bisa kujera. Sa kwalba ko guntun taɓarya a ƙasa. Taka ta, ka riƙa murzawa gaba da baya, minti 5. In ka cika kwalbar da ruwan randa mai sanyi, ya fi. Inda ake samun ƙanƙara, a naɗe ta cikin tsumma, a ɗora minti 15.

5. Gyara takalmi. Kada ka yi tafiya ba takalmi bisa fako, ko tsakuwa, ko daɓen siminti. Ko cikin gida ne, sa takalmi. Nemi mai kauri da laushi a dunduniya, mai maɗauri a baya. Ɗan silifa wanda ya cinye, a yar da shi. Kai takalminka wajen baduku. Ya yanko soson katifa ko roba mai laushi, kaurin yatsa guda, ya liƙa a wurin dunduniya. A yi ma ƙafa biyu duka, don kada tafiya ta karkace.

6. Rage ma ƙafa aiki. Ba a ce ka kwanta ba. Kwanciya ma ba ta da kyau. Amma a sake rabon aiki. Ran shuka, mai ciwo ya bar rufe rami ga yara. In kasuwa tana da nisa, ya hau jaki ko amalanke. Makiyayi ya tsaya wajen rijiya, ya tura matashi daji na ƴan makonni. Mace ta raba kayan kai gida biyu, ta samu mai kama mata daka. Maigida, wannan naka ne: in matarka tana ɗingishi da safe, ba lalaci ba ne.

7. In jiki ya yi nauyi, a rage. Duk kilo guda da ya ragu, dunduniya ta san da shi.

8. In zafi ya hana barci, a je gidan likita a karɓi farasetamol. Akwai wata ƙwaya, ibuforofen, mai rage zafi. Amma ba a shan ta da yunwa. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai ciki, ba su shan ta. Likita ne zai faɗi awo da kwanaki.

Kada ka yi kwana 3 ka ce bai yi ba. Sai an yi makonni kafin a ji canji. Sannu ba ta hana zuwa. In an yi wata 2 ko 3 ana yi ba sauƙi, a koma gidan likita. Akwai allura wadda likita yake yi a wurin, in ta kama. Ba a yawaita ta, don tana iya tsinke jijiyar. Yanka kuwa ba a kai wa gare shi sai ga mutum kaɗan ƙwarai, bayan an yi kusan shekara ana gwada sauran.

ABIN DA BA A YI

Kada a yi sakiya. Kada a tsaga dunduniya da aska don a fitar da ƙaya. Kada a taka dutse mai zafi ko ƙarfe mai zafi. Ba abin da zai fito. Miki ne za ka samu a wurin da kake takawa cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ta nan tetanos yake shiga, ciwon nan mai ɗaure muƙamuƙi, ya sandarar da jiki. Shi kam yana kisa.

Kada a sha taramol don a samu a yi noma. Yana rufe zafi, kai kuwa kana ƙara yaga jijiya ba ka sani ba. Yana kama mutum ya kasa bari. Yana sa farfaɗiya.

Kada a sayi ƙwaya wadda ta yini cikin rana bisa tire, ba suna, ba ranar lalacewa. Kuɗin da za ka zuba cikinta wata da watanni, ka sayi takalmin kirki da shi.

YAUSHE ZA A TAFI GIDAN LIKITA BA JIRA?

Ba duk ciwon dunduniya ne irin wanda muka faɗa ba. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka tsaya miƙe jijiya. Tafi.

1. Wurin ya kumbura, ya yi zafi in an taɓa, ko akwai ruwa, ko zazzaɓi.
2. Ka faɗo daga bisa icce, ko raƙumi, ko rumbu, ka kasa takawa. Wataƙila karaya ce.
3. Ka ji kamar an buge ka a agara, ka kasa tsayuwa bisa yatsu.
4. Ƙaya ta gaske, ta aduwa ko ta bagaruwa, ta karye ciki. A cire ta, a wanke, a yi allurar tetanos.
5. Wani kumburi mai tauri ya fito a ƙafa, yana girma sannu, ba zafi sosai. Daga baya ya huje, yana fitar da ƴan ƙwayoyi baƙaƙe, ko ja, ko farare, kamar tsaba. Wannan mugun ciwo ne na ƙasashen Sahel. Ta sukar ƙaya yake shiga, manoma da makiyaya ya fi kamawa. In an je da wuri ana magani. In an daɗe, yana cin ƙashi har a yanke ƙafa.
6. Ƙafa ta mutu, ba ka jin taɓi, ko tana yi maka kamar tafiyar kiyashi. Ko akwai miki wanda ya ƙi warkewa. Ciwon sukari da kuturta suna yin haka. Mai irin wannan ƙafa kada ya jiƙa ta cikin ruwan zafi, zai ƙone bai sani ba.
7. Dunduniya biyu suna ciwo tare da baya da sauran gaɓoɓi, jiki ya sandare da safe.
8. Zafin ba ya lafawa ko kana kwance da dare.

Faso da kaushi kuma daban suke. Su a fata suke, ido yana ganin su. A wanke ƙafa da dare, a goge kaushi da dutse, a shafa man kaɗe ko man shanu, a riƙa sa takalmi. Kada a sa gishiri ko kanwa cikin faso.

Ƴan'uwa, wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Malaman yaƙi da jahilci, ku gwada ma ɗalibai yadda ake jan yatsu da tura bango, kowa ya yi a gabanku. Wanda ke da wannan ciwo ya fara tun gobe da safe, kafin ya taka ƙasa. In an fara tun rani, ƙafa za ta samu lokacin warkewa kafin ruwan shuka.

Mai tambaya bisa wannan ciwo, ko wani, ya rubuto ma jarida. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.